Kwalaben Auta

Litinin, 3 ga Maris

Na dawo daga aiki na tarar Auta ta kwashe mini kicin. Sukari, farar fulawa, man suya, taliyar nan mai saurin dahuwa, duk ta zuba a kwali ta ajiye a bakin ƙofa, wai a ba maƙwabta. A gurbinsu ta jera kwalabe a kan kantar kicin. Ɗanyar gyaɗa, riɗi, kashu, 'ya'yan kabewa, da wasu ƙananan baƙaƙe da ban taɓa gani ba. Na ce mata waɗannan kam kamar kashin ɓera suke. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce daga yau abin da ya fito daga ƙasa za mu ci, yadda Allah ya yi shi, ba wanda ya bi ta inji aka ƙulle a leda ba. Hatsi da dusarsa, wake, ganye, 'ya'yan itace, sai cikin tafin hannu na abin da ke kwalaben nan safe da yamma. Ta karanta, ta kuma tambayi waɗanda suka sani a kantin maganin da take aiki.

Ni da nake dafa wa yara abinci a makaranta tun ba a haife ta ba, yau ni ake koya wa abin da ake ci. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta ce, "Mama, na rasa Baba. Ba zan rasa ki ba." Na zauna na cire takalmi.

Babansu bai cika shekara da rasuwa ba. Zuciya. Ya dawo daga tuƙin bas, ya ci abincin da na bar masa, ya tashi zai wanke hannu ya faɗi tsakanin tebur da firji. Ina wurin aiki. Ita kaɗai ce a gidan. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ranar ba, ni da ita.

Alhamis, 6 ga Maris

Shinkafa mai dusa da ganye, an barbaɗa riɗi a sama. Ba laifi. Bakina dai yana ta neman wani abu da bai samu ba.

A wurin aiki na buɗe ɗan kwanon gyaɗa da kashun da ta haɗa mini, Rediyo ta leƙo ta ce in na gama rikiɗewa kurciya in sanar da ita ta nemo mini keji. Rediyo muke ce mata don bakinta ba ya hutawa sai an tashi aiki. Na yi dariya har da hawaye. Rabona da irinta tun kafin rasuwar.

Asabar, 22 ga Maris

Asibiti, awon hawan jinina. Ya sauka. Likita ya duba ya sake dubawa, ya tambaye ni me na canza. Kafin in amsa Auta ta karɓe bayanin. Ya saurare ta har ta gama, ya ce madalla, gyaɗa da riɗi da danginsu suna da kyau ga zuciya in an haɗa su da sauran abinci, ta ci gaba da riƙe uwarta haka.

A bas ta riƙe hannuna kamar lokacin da nake kai ta makaranta. Fuskarta wasai.

Gaskiya ƙafafuna sun daina kumbura. Ina hawa benen nan ba na tsayawa a tsakiya. Riɗin ma na fara sonsa, in an ɗan gasa shi ya yi ƙamshi. Babansu da yana nan da ya yi mana tsiya son ransa.

Ta saya mini kifi, ita ta ce ba ta so. Madara ma ta daina sha.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Injiniya ya zo da matarsa. Har yau haka nake kiran ɗana, tun yana yaro yana kwance agogon ubansa ya kasa mayarwa. Yanzu wayar lantarki yake ja wa gidaje. Saboda su na dafa kaza, da ɗan man da na ɓoye a bayan tukwane.

Kowa ya zauna da farantinsa. Auta ta fito da ƙaramin kofi, 'ya'yan kabewa a ciki da yankan kokwamba. Yayan nata ya ce tsuntsayen da yake tararwa a kan waya sun fi ta cin abinci. Ta yi murmushi ta ce ai ta riga ta ci a wurin aiki.

Sai da suka tafi, ina wanke kwanuka, abin ya faɗo mini. Ba ta zuwa aiki ran Lahadi.

Shinkafa mai dusar ma ta bar ta, wai tana kumbura mata ciki. Wake ma haka.

Laraba, 23 ga Afrilu

Yanzu ayaba ma ta zama sukari.

Talata, 6 ga Mayu

Ina wanki na ɗago siket ɗin aikinta, na ga ta naɗe ƙugun ta soke da fil. Ni na sayo mata shi bara, har muna cewa ya ɗan matse ta.

Gashi a ramin ruwan banɗaki, dunƙule guda. Ba nawa ba ne, nawa fari ne.

Ana zafi, kowa na neman iska, ita tana yawo cikin rigar sanyin babanta. Hannunta kamar an ciro daga firji.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba ta bar kicin ba. Ita ke dafawa yanzu, ta cika mini faranti, ta zauna tana kallon bakina har in gama. In na rage sai ta ɓata rai. Ita kuwa ta ɗauki ƙwayar kashu ɗaya, ta gutsura, ta ajiye, ta tauna kamar mai tauna ƙashi. Ina gama farantina tana kan abin da bai cika cokali ba.

Na yi mata magana a hankali. Ta ce ba ta taɓa jin lafiya kamar yanzu ba, jikinta sakayau, ƙwaƙwalwarta tas. Ta nuna mini hotuna a waya, mata a fararen kicin da kwalabe irin nata. Na ce su waɗannan ai da nama a kumatunsu. Ta kashe wayar.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ban san ta ina zan fara ba.

Akwai miyar ganye da take yarda ta sha wani lokaci, ruwa-ruwa, ba komai a ciki. Yau na riga ta dawowa, na dafa, na jefa bota cokali guda na juya har ta narke ba alama. Na ce ko wannan ya shiga jikinta.

Cokali ɗaya ta kai baki. Ta ajiye. Ta tashi ta je famfo ta yi ta kurkure baki kamar na ba ta guba. Na bi ta ina cewa don Allah Auta, dubi kanki a madubi, ƙasusuwan wuyanki kaɗai sun isa su sa uwa kuka. Na ɗaga murya, na sani. Na ce gyaɗa ba abinci ba ce, abin taɓawa ce, ni na san abinci, shi ne aikina.

Ta juyo. Ba ihu, ba kuka. Da ma ta yi ihun.

"Baba ma haka kika yi ta zuba masa. Likita ya ce a rage mai, kika ce abinci ba mai ba abinci ba ne. Ina wurin."

Na faɗa. Tabbas na faɗa, a kan wannan teburin, shi kuma ya yi dariya ya miƙo faranti a ƙara masa.

Ta shiga ɗaki. Na zubar da miyar. Na daɗe a tsaye da tukunyar a hannu ban san inda ake ajiye ta ba, a kicin ɗin da na yi rabin rayuwata a ciki.

Asabar, 17 ga Mayu

Auta ta riga ni tashi. Ta haɗa mini ɗan kwanona kamar kullum ta ajiye kusa da jakata.

Litinin, 19 ga Mayu

Na ɗaga jarkar mai a kan babbar tukunya, hannuna ya ƙi. Yaran mutane ne za su ci. Na tsaya ina kallon albasa tana ƙonewa har Shugabar kicin ta zo ta karɓi jarkar ta zuba da kanta. Ta tambaye ni lafiya, na ce kaina ke ciwo. Ta mayar da ni wajen yanka kayan miya.

Rediyo ta yi shiru yau. Ashe ta iya.

Laraba, 28 ga Mayu

Na kira Yaya, babbar 'yar'uwata, na gaya mata. Ta ce ni na sangarta yarinya, in kwashe kwalaben in zubar, in rufe ido, yunwa da kanta za ta koro ta kicin. Su a gidansu ba a wannan iyayin. Na ce to. Ban gaya mata abin da Auta ta ce mini ba. Ba wanda zan iya gaya wa.

Na ce mu je asibiti, ta ce mai lafiya me zai je yi a asibiti. Ba jaririya ba ce da zan saɓa a kafaɗa. Ko da yake yanzu ina jin zan iya ɗaga ta.

In ta shiga wanka nakan tsaya a bakin ƙofa in kasa kunne, in ji ko ruwa na motsi.

Talata, 10 ga Yuni

Mai kantin maganin ya kira ni wajen sha ɗaya na safe. Auta ta hau ɗan tsani za ta ɗauko magani a sama, ta sulale ta faɗo. Sun kai ta asibiti. Na fita da rigar aiki da hular kicin a kaina, sai a bas na lura.

Ta farfaɗo kafin in iso. Goshinta ya fashe, an ɗinke. An sa mata ƙarin ruwa. Maganarta ta farko da ta gan ni, tambaya ce ko akwai sukari a cikin ruwan.

Mai kantin yana ta ba ni haƙuri a baranda. Ya ce sun daɗe suna gani, sun ɗauka a gida an sani ana magani. Su a can tana ce musu ta ci a gida.

Alhamis, 12 ga Yuni

Likitar ɗakin mace ce, ba ta kwana-kwana. Ta zauna a bakin gado ta yi mana bayani mu biyu. Bugun zuciyar Auta ya yi ƙasa sosai. In jiki ya rasa abinci sai ya koma cin kansa, kuma zuciya ma tsoka ce, ba ya ƙyale ta. Ta ce wannan ciwo ne mai suna, ba taurin kai ba ne, ba kuma iyayi ba, kuma yana kisa.

Zuciya. Duk wannan gudun da ta yi, nan ta zo ta tsaya.

Auta ta ce a sake awon, injin ne ya lalace. "Ni da nake cin abin da ya fi komai tsabta?" Likitar ta ce abin da take ci ba shi da laifi, sai dai ba ta ci, kuma ba shi kaɗai jiki ke bukata ba. Auta ta juya fuska bango.

Za su riƙe ta.

Lahadi, 15 ga Yuni

Injiniya ya shiga ya gan ta da rigar asibiti, hannuwa a waje, ya fito ya jingina da bango. Da ya samu bakin magana ni ya juyo wa. Gida ɗaya, tebur ɗaya, Mama, ta yaya ba ki gani ba? Matarsa tana jan rigarsa yana fizgewa.

Na gani. Tun siket na gani, tun kofi na gani. Gani daban, sanin abin yi daban. Ban ce masa haka ba. Ban kuma tuna masa wanda ya yi zancen tsuntsayen kan waya ba.

Daga baya ya sayo mini shayi ya ajiye kusa da ni, ban haƙurinsa ke nan. Halin ubansa.

Ɗaya ta ce na kashe uban da abinci, ɗaya ya ce na bar ƙanwar ta mutu da yunwa. Duka biyun ni na haife su.

Laraba, 18 ga Yuni

Ta ƙi cin abin da suke kawowa, yau suka sa mata robar ba da abinci ta hanci. Ina riƙe da ƙafarta lokacin da ake sawa. Ƙafar duk ta shige cikin tafin hannuna.

Da nas-nas suka fita ta kamo bakin mayafina. Mama ki kai ni gida. Zan ci, wallahi zan ci, duk abin da kika dafa, har da botar. Ta ce ta janye abin da ta faɗa, ba da gaske take ba. Tana kuka ba hawaye, jikin ba shi da ruwan da zai ba ta.

Likita ta riga ta gargaɗe ni za ta faɗi haka, ta ce ciwon ne ke magana. To da muryar 'yata yake magana.

Na ce a'a. Ta saki mayafin. Ta ce in fita.

Asabar, 21 ga Yuni

Na je, ta yi kamar tana barci, na zauna, na dawo.

Talata, 1 ga Yuli

Da safe na ɗauko buhu na fara jefa kwalaben a ciki. Na tsane su. Na tsani ƙarar da 'ya'yan kabewa ke yi in an girgiza kwalbar. Ta riɗin ta suɓuce ta fashe, ya watsu har ƙarƙashin firji, daidai wurin da babansu ya faɗi. Na durƙusa ina sharewa, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na makara aiki.

Da yamma na gaya wa matar da ke tsara abincin marasa lafiya cewa zan zubar da su duka kafin a sallamo ta. Ta ce kada in yi. Su kaɗai ne abincin da Auta ba ta tsoro a duniyar nan yanzu, ta kansu za a bi a kai ta ga sauran. A markaɗa gyaɗa a dama da madara da ayaba. A barbaɗa riɗi a kan shinkafa da ƙwai. Kaɗan-kaɗan, kuma da saninta. Ta kalle ni ta ce ban da ɓoye komai a ciki. Ashe Auta ta ba su labarin botar.

Na dawo na fiddo su daga buhun na mayar kan kantar kicin. Ni ma na ci cikin tafin hannu a tsaye, don ban dafa komai ba. Jinina lafiya lau, in ji awon jiya. Abin nan ni ya yi wa amfani. Ni da ban nema ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

An sallamo ta. An cire robar, ta ɗan ciko, ba sosai ba. Ta tsaya a ƙofar kicin ta kalli kwalaben, ta ce ina ta riɗi. Na ce ta fashe. Ta gyaɗa kai.

Yanzu ni ke dafawa, haka asibiti suka ce, ita ba ta shiga. Za ta riƙa komawa duk Laraba a auna ta, ta kuma ga wata likitar da ake zama da ita ana magana kawai.

Mai kantin ya ce wurinta na nan. Na ga wata sabuwar yarinya a bayan kantar magani da na wuce.

Alhamis, 31 ga Yuli

Kowane cin abinci yaƙi ne, sai dai ba mai ɗaga murya. In ajiye kofin madara da gyaɗar a gabanta. Ta kalle shi. Ta juya shi. Ta tambaye ni me da me na sa, in faɗa, ta sake tambaya, in sake faɗa. An ce kada in roƙa, kada in yi faɗa, kada in yaba, in zauna kawai in ci nawa. Ni da bakina bai saba shiru a kan abinci ba. Har ya huce, har ya yi fata a sama, muna zaune.

A makaranta yara na ture juna a layi, suna miƙo faranti a ƙara musu. Wani ya lashe nasa har da yatsa. Na juya baya na yi kamar ina neman ludayi.

Yau na ɗauki rigar sanyin zan wanke, aljihun ya yi nauyi. Burodin jiya da na shekaranjiya, a dunƙule. Ina ta murna ashe.

Ban nuna mata ba. Na gaji. Irin gajiyar da barci ba ya taɓa ta.

Laraba, 13 ga Agusta

Sikeli ya koma baya. In ya sake, za su mayar da ita gado.

Likitar maganar ta leƙo inda nake jira ta ce tana so wata rana in shigo ni kaɗai, mu zauna. Na ce ni lafiyata ƙalau, 'yata ce ba ta cin abinci, ni ina ci har ina ƙari. Ta ce ta sani, ƙofar dai a buɗe take. Yarinya ce, ba ta fi Injiniya ba. Me za ta gaya mini? Ko kuwa so take ita ma ta ji yadda na yi na lalata gidana.

A bas Auta ta zauna ta taga, ni ta hanya. Jakata a tsakaninmu.

Asabar, 30 ga Agusta

Da hantsi ina tsince wake a tire, ta fito ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta sa hannu tana taya ni. An hana ta taɓa girki, amma ban hana ta ba.

Ba ta kalle ni ba ta fara. Ta ce tun da ta fara aiki, duk ranar da aka biya ta, takan biya ta wurin mai soyayyen nama a bakin tasha ta sayo wa babanta, ta ba shi a ɓoye kafin in dawo. Bayan likita ya hana. Baban ya ce kada ta gaya mini. Ranar da ya faɗi ma ta kawo masa. Takardar da aka naɗo naman tana kan tebur, ta jiƙe da mai. Kafin ta kira maƙwabta sai da ta ɗauke takardar ta cusa a jakarta. Yana ƙasa, ita tana ɓoye takarda.

"Shi nake gani in na ɗaga cokali, Mama."

Na ce na sani. Ta ɗago. Na ce tun ranar farko na sani, shi ya gaya mini da bakinsa yana dariya, ya ce autarsa ta fara ciyar da shi, kada in nuna na sani in ɓata mata. Ai mutumin nan bai iya riƙe magana ba. Kuma ƙamshin yana bin rigarsa.

Na ce mata ubansa ma zuciya ce ta ɗauke shi, shi da bai taɓa samun naman da zai ƙoshi ba. Na ce wa'adi ne. Na faɗi duk abin da ake faɗa. Ban san ko ta ji ba. Ban san ko ni na yarda da shi a kan kaina ba.

Ta ɗora goshi a gwiwata. Ba nauyi ko kaɗan. Muka zauna haka, waken ya zube rabinsa a ƙasa.

Lahadi, 31 ga Agusta

Na ɗauka yau za ta ci. Wauta. Rabin kofi, shi ma da ƙyar.

Laraba, 10 ga Satumba

Sikeli bai hau ba, bai sauka ba. Likita ta ce wannan ma wani abu ne. Ni ban ga abin ba.

Da Auta ta fito daga wurin likitar maganar aka kira ta ɗibar jini, layin da tsawo. Ƙofar likitar tana buɗe, ƙafafuna sun gaji da tsayuwa, kujerun baranda duk an cike. Shi ya sa na shiga. Na gaya mata haka, ta ce in zauna.

Na shirya in ta tambaye ni zancen abinci in ba ta amsa daidai da ita. Sai ta ce in ba ta labarin mijina, wane irin mutum ne.

Ba wanda ya tambaye ni wannan tun da ya rasu. An tambaye ni yadda ya faɗi, an tambaye ni me likita ya ce. Na ce direba ne. Na ce yana waƙa in yana aske gemu, muryar ba daɗi. Na ce duk bas ɗin da ya wuce ta layinmu da yamma har yau sai na ɗaga kai. Daga nan ban san me na yi ta faɗa ba. Ta turo mini kwalin tishu, na ce mura ce.

Da na fito Auta na zaune da auduga a hannu. Ta kalli idona, ta kalli ƙofar. A hanya ta ce ko in ba ta jakar ta riƙe mini. Na ba ta.

Na gaya wa likitar ba lallai in dawo ba, ni ba mai zaman surutu ba ce, ga aiki. Ta ce ba komai.

Gobe dai zan tambayi Shugaba ko Rediyo za ta iya riƙe mini aikin yammacin Laraba. Tambaya kawai.